Nono a ƙirjin namiji: daga ledar magani zuwa hanta

Da za a tara yara maza goma 'yan shekara 13 zuwa 14 a wata makarantar kwana a Gusau ko Ƙauran Namoda, a ce likita ya lalubi ƙirjinsu ɗaya bayan ɗaya, ba abin mamaki ba ne ya ji ɗan kululu a ƙarƙashin kan nonon kusan biyar daga cikinsu. Akasarinsu ba su taɓa gaya wa kowa ba. Wanda nasa ya fito fili shi ne zai daina tuɓe riga a filin ƙwallo, ya ƙaurace wa wanka a gulbi, ya riƙa haɗa singileti biyu cikin zafin bazara yana tafiya a ranƙwafe, don kada abokai su laƙa masa sunan da zai bi shi har girma. A majalisar dattawa ma haka zancen yake, sai dai babbar riga tana rufa asiri. Binciken da aka yi a ƙasashe daban-daban ya nuna daga kashi ɗaya cikin huɗu zuwa fiye da rabin mazan da ke tsakanin shekara 50 da 80 suna da shi.

Likitoci suna kiransa gainikomastiya. Mafi yawansa ba ya kisa, ba ya ma buƙatar magani. Abin da ya sa ya cancanci a tsaya a kansa shi ne, a wajen wasu mazan, shi ne alamar farko da ido ke iya gani ta wata ɓarna da ke gudana a hanta, ko a maraina, ko a cikin ledar maganin da mutum ke ajiyewa a gefen katifa. Kuma abubuwan da aka fi sa wa ido a Turai da Amurka, wato giya da allurar masu ɗaga ƙarfe, ba su ne a sahun gaba a Zamfara ba. Namu jerin daban yake.

Kowane namiji an haife shi da 'yan hanyoyin nono a ƙarƙashin kan nononsa, irin na mace, sai dai nasa a kwance suke. Sinadarai biyu ke ja-in-ja a kansu. Testosteron, wanda 'ya'yan maraina ke samarwa, yana danne su. Istrojin, wanda aka fi sani da sinadarin mata, yana tashe su. Namiji ma yana da istrojin, kuma mafi yawansa daga nasa testosteron ɗin ake ƙera shi. Akwai wani sinadari mai suna aromatas, wanda ya fi yawa a cikin kitse, aikinsa ke nan ya juya na maza ya koma na mata. Lamarin kamar sikeli ne mai kwano biyu: ba dole sai an ƙara nauyi a kwanon istrojin ba kafin ya rinjaya, rage na testosteron kaɗai ya isa.

Kafin a je ko'ina, sai an rabe tsakanin nono na gaskiya da kitse. Mutum ya kwanta rigingine, ya ɗora hannu a ƙeya. A buɗe babban yatsa da manuni, a ɗora su a gefe da gefen nonon, a riƙa matso su a hankali zuwa tsakiya. In aka ji wani abu mai faɗi kamar faifai, mai ɗan tauri kamar roba, zaune daidai a ƙarƙashin kan nono, sau da yawa ma da zafi in an matsa, to nono ne ya girma. In yatsun suka haɗe ba su ci karo da komai ba sai laushi, kitse ne, kuma maganinsa rage ƙiba. Mai ƙiba dai yana iya haɗa duka biyun, tunda kitsen da ya tara masana'antar istrojin ce. Wannan ya shafi samarin da ke haɗiyar ƙwayoyin nan da ake kira sha-ka-fashe don su yi kumatu: akwai deksametason a cikin irin waɗannan haɗe-haɗe, wanda ke tara kitse a fuska da gangar jiki, kuma in an daɗe ana sha yana rage testosteron.

Sau uku a rayuwa sikelin kan karkata da kansa ba tare da wata cuta ba. Na farko a makon haihuwa. Tsakanin kashi 60 zuwa 90 cikin ɗari na jarirai, maza da mata, suna zuwa da ɗan kumburin nono saboda sinadarin uwa da ya tsallaka musu ta mabiyiya, wani har ɗan farin ruwa yake fitarwa. Cikin 'yan makonni yake sacewa. Matsalar tana farawa ne ranar da kaka ko ungozoma ta ɗora jariri a cinya lokacin wanka, ta gasa wurin da tsumma mai zafi, ta sa yatsa ta tatse, wai don kada yaron ya tashi da nono. Tatsar ce ke sa jiki ya ci gaba da kawo ruwan, ita ce kuma ke buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa, sai abin da zai tafi da kansa ya koma maruru mai mugunya da zazzaɓi, har a kai ga tsagawa a asibiti. In jaririyar mace ce, ɓarnar tana iya taɓa nonon da za ta shayar da shi wata rana. Mai jego ba ta iya musu da uwar miji, shi ya sa uban yaron ne ya kamata ya ce, "Inna, don Allah a bar shi, likita ya ce kada a taɓa."

Na biyu a lokacin balaga, sa'ad da istrojin kan riga testosteron tashi na ɗan lokaci. Yana iya kama gefe ɗaya ko duka biyun, riga ma in ta goge shi sai yaro ya ji zafi. A wajen mafi yawan yara yana ɓacewa tsakanin wata shida zuwa shekara biyu. Abin da yaron ke buƙata shi ne babba ya zaunar da shi ya gaya masa hakan, a kuma tsawata wa masu tsokana, don raunin da ba'a ke bari a zuciya ya fi na ƙirjin daɗewa. Amma yaron da bai fara balaga ba, ɗan shekara bakwai ko takwas, in nononsa ya taso, wannan ba na al'ada ba ne. A duba ko yana wasa da ƙwayoyin tsarin iyali na uwarsa, ko ana shafa masa wani mai, a kuma kai shi asibiti. Na ukun shi ne tsufa, inda maraina ke ja baya, tumbi ke ƙaruwa, magunguna kuma ke yawaita.

Magungunan nan su ne wurin da na fi ganin ana sakaci. A lissafin asibitocin da suka tattara masu wannan matsala, kashi 10 zuwa 25 cikin ɗari magani ne sanadinsu, kuma wannan a ƙasashen da ba a sayar da magani sai da takardar likita ke nan. Mu da kemis ke ba da abin da aka nuna masa kwalinsa, sai a ƙiyasta. Ga yadda hirar kan kasance a ɗakin duba marasa lafiya:

"Baba, akwai maganin da kake sha?"

"Ni ba ni shan komi, likita."

Sai ɗan da ya rako shi ya sa baki: "Baba, na hawan jinin nan hwa? Da na ƙwannafi da kaka saye wurin mai kemis?"

"Ai wanga na kullum na."

A wurinsa, abin da ya shekara biyar yana haɗiya ya tashi daga magani ya koma abinci. Alhali a cikinsu ake samun mai laifin. Sifironolakton, wanda aka fi sani da Aldactone, ana ba masu ciwon zuciya da kumburin ƙafa da masu ruwa a ciki. Yana toshe wurin da testosteron ke kamawa ya yi aiki. A wani babban gwaji da aka wallafa a 1999 a kan masu ciwon zuciya, namiji ɗaya cikin goma da ke shan ƙaramin awo ya samu girman nono ko ciwonsa, alhali a cikin waɗanda ba su sha ba ɗaya ne cikin ɗari. In awon ya kai miligiram 150 a rana, abin yana kama kusan rabi. Sai simetidin, tsohon maganin olsa mai suna Tagamet, wanda har yau yana nan a kantunan kemis saboda araha. Sai ƙwayar ketokonazol ta makero da ƙyasbi, da digoksin na zuciya, da Aldomet da wasu magungunan hawan jini, da isoniyazid da ke cikin haɗin maganin tarin fuka, da magungunan taɓin hankali irin su risferidon da haloferidol. Dattawan da ake yi wa maganin kumburi ko kansar furostet, wato ƙullutun nan da ke ƙasan mafitsara, su ma suna ciki. Wani maganin kansar, in shi kaɗai ake sha, yana tayar da nonon fiye da rabin masu shansa. Masu shan maganin cuta mai karya garkuwar jiki sun san wannan matsala da maganin efabirenz, kafin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a fifita dolutegrabir a 2019.

Kada wani ya karanta wannan ya je ya watsar da maganinsa. Mai ciwon zuciya da ya bar Aldactone don kunyar ƙirji ya sayar da ransa da araha, haka mai tarin fuka da ya yanke magani a wata na uku. Kusan kowane ɗaya a cikinsu yana da madadi ko ana iya rage awonsa, kuma aikin likita ne.

Akwai kuma waɗanda ba a faɗa ko an tambaya. Binciken da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa a 2018 ya gano mutum miliyan 4.6 a Najeriya suna shan magungunan kashe zafi irin su tiramadol da kodin ba bisa ƙa'ida ba. A shekarar ce gwamnati ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. Kowa a nan ya san masu shan tiramol: ɗan acaɓa, mai haƙar zinariya a ramukan Anka da Maru, ɗan ƙwadago a gona, da ango da aka ce masa zai ƙara masa jimawa a shimfiɗa. Awon da hukuma ta amince da shi miligiram 50 ne da 100, na bayan fage kuwa har 225 ko fiye. Wannan dangin magani yana kashe saƙon da ƙwaƙwalwa ke aika wa maraina cewa su yi aiki, sai testosteron ya faɗi, sha'awa ta ragu, kwanon istrojin ya rinjaya. Allurar testosteron da wasu ke yi don ƙwanji ko ƙarfin maza ita ma ƙaiƙayi take komawa kan masheƙiya: rarar da ta yi yawa aromatas ke juyawa zuwa istrojin, maraina kuma su ga an wadata su daina nasu, su ƙanƙance. Garin magani da ruwan jarka da ake tallarsu da lasifika a tasha kuwa, tunda babu rubutun abin da aka zuba a ciki, duk mai shansu ya ambace su in an tambaye shi.

Awara dai, da wasu ke zargin tana tayar da nonon maza, a sake mata mara. Waken suya yana da sinadarai masu ɗan kama da istrojin, amma nazarce-nazarcen da aka haɗa wuri guda ba su ga ya sauya sinadaran maza ba a irin cin da mutane ke yi. Wani mutum da nononsa ya girma, da aka ba da labarinsa a wata mujallar likitanci a 2008, kusan lita uku na madarar waken yake shanyewa kullum.

Hanta ce babban abin tsoro a wajenmu. Ita ke tace rarar sinadaran da jiki ke juyawa zuwa istrojin, kuma in ta ƙandare sai su taru, ga shi tana ƙara sakin wani furotin da ke ɗaure testosteron ya hana shi aiki. A Turai giya ce kan gaba wajen ƙandarar da hanta. Zamfara ta haramta sayar da giya tun da aka fara aiki da shari'ar Musulunci a 2000, kuma ko da akwai masu sha a ɓoye, ba ita ce ke cika gadajen asibiti ba. Ciwon hanta nau'in B ne. Binciken ƙasa na 2018 ya samu kashi 8.1 cikin ɗari na 'yan Najeriya masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da ƙwayar, kuma maza sun fi mata. Sai a 2004 rigakafinta ya shiga cikin alluran yara, ke nan magidancin da ya wuce shekarun alluran yara kafin lokacin, in ba da kansa ya je ya nema ba, da wuya an yi masa. Ana ɗaukarta daga uwa wurin haihuwa, da cuɗanyar yara, da askar wanzami da ta yi wa mutum biyar aski ko kaciya ko ƙaho ba a sauya ba, da almakashin mai yankan farce da ke zagaya kasuwa. Tana shekara ashirin ko talatin tana cin hanta mutum yana noma abinsa lafiya lau. In aka haɗa da gyaɗa ko masarar da aka adana da danshi ta yi hunhuna, haɗarin kansar hanta ya ninka. Don haka magidanci ɗan shekara 40 da nononsa ya taso, gashin hammata da na gaba suna raguwa, tafin hannunsa ya yi ja, ko ido ya ɗan yi ɗorawa, ko ciki yana girma ƙafafu na sirancewa, ba shi da abin jira. Gwajin ƙwayar na digon jini ne a yatsa, ana yin sa a asibitin tarayya na Gusau da Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura da manyan asibitocin ƙananan hukumomi. Wani abin takaici, in ruwa ya taru a cikin irin wannan mutum, Aldactone ɗin nan dai shi ne maganin, sai abu ya zame masa biyu.

Wani sanadin da ya kamata ma'aikatan lafiyarmu su riƙe shi ne komawa cin abinci bayan doguwar yunwa. An fara lura da shi sosai a jikin fursunonin yaƙi da aka sako daga sansanonin Japan a 1945: bayan sun samu abinci na 'yan makonni, sai nonon da yawa daga cikinsu ya kumbura yana ciwo. Yunwa tana kashe aikin maraina, in ƙoshi ya dawo sai jiki ya sake wata balaga, hanta kuma ba ta gama farfaɗowa ba. A jihar da ake tsare mutane watanni a daji a hannun 'yan bindiga, ga 'yan gudun hijira, ga masu murmurewa daga tarin fuka da suka rame suka fara mayar da jiki, wannan ba labarin littafi ba ne. Wanda aka karɓo daga daji ya ga ƙirjinsa ya taso bayan wata biyu, sai a ce an yi masa asiri ko an ba shi wani abu a abinci. Yawanci cikin shekara ɗaya zuwa biyu yake kwantawa da kansa.

Maraina su ne wurin da ake jin nauyin dubawa, mara lafiya da likita duka. Hangum, wanda muke ɗauka ciwon kumatun yara ne, in ya kama namijin da ya balaga yana sauka maraina a wajen kashi 15 zuwa 30 cikin ɗari, wasu su shanye bayan kumburin. Kuturta mai yaɗuwa a jiki tana cin maraina, haka bugu mai tsanani, kuma masu sikila kan yi jinkirin balaga da ƙarancin testosteron. Akwai kuma wanda da shi aka haife shi. Namiji ɗaya cikin kimanin 600 yana zuwa da ƙarin ƙwayar gado ta X, wato 47 maimakon 46, yanayin da likita Harry Klinefelter ya bayyana a 1942. Za ka gan shi dogo, gemu tsilli-tsilli, 'ya'yan maraina ƙanana masu tauri, nono ya taso tun balaga bai koma ba, kuma galibi ba ya haihuwa. Mafi yawansu har su mutu ba a gano ba. A garuruwanmu matar ce za ta sha jiƙe-jiƙe da gori, a yi mata kishiya, kishiyar ma shiru, ba wanda ya ce maigida ya je a duba shi. Mafi gaggawa a wannan rukuni shi ne ƙari a cikin maraina, wanda ya fi kama samari da matasan magidanta. Wani irinsa yana fitar da sinadarin da ake samu a jikin mai ciki, har gwajin ciki ya nuna akwai a fitsarin namiji. Saurayin da nononsa ya taso farat ɗaya bayan ya wuce shekarun balaga, a lalubi marainansa, in da hali a yi musu hoto. Wannan kansa ce da ake warkewa in an kama ta da wuri.

Ciwon ƙoda da ya kai ga wanki, da ƙullin wuya da ke aiki fiye da kima, mai sa rama da bugun zuciya da rawar hannu, su ma suna kawo shi, sai dai a nan sauran alamun sun riga sun kai mutum asibiti.

Kansar nono kuma tana kama maza, kusan ɗaya cikin kowane ɗari na masu ita, galibi waɗanda suka haura 60. Girman nono na yau da kullum ba ya rikiɗewa ya zama ita, amma masu yanayin Klinefelter da waɗanda kansar nono ta yi yawa a danginsu sun fi shiga haɗari. Kamanninta daban ne: gefe ɗaya, tauri kamar dutse, ba a tsakiyar kan nono ba, sau da yawa babu zafi, fata ta tattare ko kan nonon ya shige ciki, jini na fita, ko kaluluwa a hammata. Rashin zafin ne ke yaudarar mutane, har sai ya fashe ya zama gyambo sannan a nufi asibiti, bayan an gama da mai tsaga da mai shafe-shafe.

Lokaci yana da muhimmanci ko da abin ba kansa ba ne. A watannin farko, lokacin da yake ciwo, naman a raye yake. In aka cire sanadin, ko likita ya ba da maganin tamoksifen na 'yan watanni, yana iya komawa. In ya haura shekara guda sai ya zama tabo mai tauri, zafin ya tafi, kuma babu ƙwaya ko man shafawa ko motsa jikin da zai narkar da shi, sai fiɗa. Fiɗar ba babba ba ce a hannun likitan tiyata, a Gusau ko a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, ta gefen baƙin kan nono ake shiga. Ɗaure ƙirji da ƙyalle, guga da dutse mai zafi ko tsaga ba sa rage komai, ƙuna da tabo kawai suke ƙarawa.

Mai zuwa asibiti ya tafi da ledar magungunansa gaba ɗaya, har da na kemis da na tasha, ya kuma tuna watan da abin ya fara. Za a duba ƙirji da ciki da maraina, a gwada hanta da ƙoda, in da buƙata a auna sinadaran jini. A wajen kusan kashi ɗaya cikin huɗu, duk gwajin zai fito lafiya ba a ga dalili ba, sai a ce mutum ya rage ƙiba in yana da ita, ya dawo bayan wata uku zuwa shida a sake aunawa.